Kawu, Sarkin Fawan Shekarun Fari

Ranar da Kawu ya rasu kasuwar garinmu ta ci, amma ba a yi yanka ba. Babu wanda ya ba da umarnin haka. Labarin ya isa kwata bayan sallar asuba, samari sun riga sun kayar da sa sun ɗaure masa ƙafafu, sai suka kwance shi suka mayar kara, wurin da ake cinikin shanu. Daga Allah muka zo, kuma duk daɗewarmu a nan wurinSa za mu koma.

Kawu wan mahaifiyata ne. Shi ne Sarkin Fawan garinmu, wani ƙauye tsakanin Ɗanbatta da Kunci, tun kafin in yi wayo har ranar da ya bar duniya.

Mun zauna a ƙofar gida muna karɓar gaisuwa, na kuwa ji abubuwa. Mahauta sun zo daga Bagwai da Kunci, wasu a mota wasu a babur. Tsohon makaɗin da ya yi rayuwarsa yana kaɗa wa mahautanmu kalangu ya zo hannu wofi, ya zauna a gefen tabarma yana ta matsa hammata kamar kalangun na nan. Wani dattijo daga Bagwai ya shafa fatiha ya ce, "Allah ya jiƙan maza. Amma fa ya daki mutane."

Na kusa da shi ya ce, "Har ni. Da bai dake ni ba, da yanzu ban san inda nake ba."

A cikin gida mata suna ta lissafa alherinsa, ita kuwa Inna, matarsa, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Matata ta ce min da suka keɓe sai Inna ta ce mata, "Tun ina yarinya nake zaune kusa da wuta. Ta ƙona ni ba sau ɗaya ba. Yau ga shi ɗakin ya yi sanyi."

Babban ɗansa ya zo daga Kano. Duk wanda ya yi masa gaisuwa sai ya juyo masa da kunnen dama, don na hagu ba ya ji. "Amin" kawai yake cewa. Ana gama addu'ar uku ya hau mota ya koma.

Samarin da suka zo gaisuwa ba su san Kawu ba sai a tsoho mai zama ƙarƙashin darbejiya yana gyangyaɗi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ba zan wanke shi ba, don shi kansa ba ya son a wanke abin da bai wanku ba.

Ba dogo ba ne, amma in ya tsaya a ƙofar zaure sai ya cika ta. A ƙuruciyarsa ya yi dambe kamar yawancin 'ya'yan mahauta, kuma tsofaffi sun ce duk wanda hannun damansa ya sauka a kansa sai an yayyafa masa ruwa. Da ya gaji sarauta daga kakanmu sai ya bar dambe, amma hannun bai bar shi ba. Yana da dorina a rataye a rumfarsa, ba ta ado ba ce.

Dokokinsa kowa ya san su. Ba a wasa wuƙa a gaban dabba. Ba a yanka wata dabba wata tana kallo. Ba a yanka mai ciki. Ba a sayen dabbar da babu dillalin da zai tsaya ya ce ya san mai ita. Duk abin da aka feɗe sai ya zo ya tsaga hanta ya duba, ya shinshina huhu. In bai gamsu ba sai ya dubi mai naman ya ce, "Za ka kai wa uwarka wannan?" In mutum ya yi jim, shi ke nan, naman ba zai hau tebur ba.

Babbar dokar kuwa ita ce mahauci ba ya zuwa faɗa da wuƙa. Yakan ce, "In kun ga dole sai kun yi, ku ajiye ƙarfe. Ga fili ga hannu, ni zan raba ku."

Akwai abin da ba doka ba ne amma bai taɓa fashi ba. Duk matar da ta haihu a garin, ko mijinta na da hali ko ba shi da shi, ƙafafun saniya na ƙauri za su isa gidan kafin suna. Ba ya aikawa da sunansa. In aka zo godiya sai ya ɓata rai ya ce a tafi a ba shi wuri.

Ni ubana manomi ne, ban gaji fawa ba. Fata nake saye a kwata in kai Kano, shi ya sa kowace ranar kasuwa ina kusa da shi. Wata rana aka yi naɗi a wani gari, na dawo ina ba shi labarin dawakai da algaita, na ce su Kawu kuwa sarautarsu ba ta da ko zagi mai jan doki. Ya ce, "Sarautar fawa ba ta da doki. Abin da ke cikinta shi ne in wani ya ci nama ya kwana yana zawo, ƙofata za a buga. In ba ka iya buɗe ƙofar ba, ka ajiye rawanin."

Sai shekarun fari suka zo. Lokacin ina da mata da 'ya'ya ƙanana. Damina ta ƙi, ta sake ƙi. Gero ya fito da kai ya bushe a tsaye, gyaɗa ta nannaɗe ta mutu. Aka ƙara wa guga igiya har aka gaji. Mata suna dafa ganyen tafasa da rama su barbaɗa ɗan ƙuli, wannan shi ne abincin yini. Makiyaya suka riƙa gangarowa daga arewa da shanun da ba komai a jikinsu sai ƙaho da haƙarƙari, suna zubewa a bakin hanya. Ungulu suka ƙoshi har ba sa tashi in mutum ya zo wucewa.

A irin wannan lokacin mushe ba wuyar samu. Kuma in an feɗe an yayyanka, ba kowa ke ganewa ba.

Wata ranar kasuwa babban ɗan Kawu ya shimfiɗa nama a teburinsa, mai yawa, mai araha. Mutane suka taru. Kawu yana zagayensa ya iso wurin, ya tsaya. Ya ɗaga cinya guda ya danna da yatsa, baƙin jini ya tsattsafo.

Ya ce, "Wa ya yanka wannan?"

"Ni ne, Baba."

"A ina?"

"A hanyar Kunci. Na tarar da saniyar tana shure-shure na riske ta."

"Ina wuyan? Kawo in ga yankan."

Ɗan ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Baba, yarana tun shekaranjiya ba su sa komai a baki ba."

Kawu ya ce, "Da gida ka kai musu suka ci, da tsakaninka ne da Allah. Tebur ka kawo."

Sai ya ɗauke shi da mari. Magidanci ne mai iyali, amma ya faɗi kamar an sare shi, jini na fita ta kunne. Kawu ya zaro dorina ya rufe shi da duka a ƙasa, riga ta yage, baya ya farfashe. Na shiga na rungume Kawu ta baya, ya yi wurgi da ni na bugi turken rumfa. Bai tsaya ba sai da hannunsa ya gaji.

Daga nan ya sa aka kwashe naman aka zuba a rami bayan kwata, aka antaya kananzir. Liman ya taho da sauri ya ce, "Sarki, ka yi a hankali. Shari'a ta yi wa wanda yunwa za ta kashe rangwame."

Kawu ya ce, "Malam, na sani. Wanda zai mutu ya je daji ya ci, ya san abin da yake ci. Waɗannan da sunan yanka aka sayar musu. In na bari yau, gobe ba wanda zai san abin da ke cikin tukunyarsa a garin nan."

Ya ƙyasta ashana. Mutanen da suka kwana da yunwa suka tsaya suna kallon nama na ƙonewa, ƙauri ya cika kasuwa. Wata mata ta kutsa ta cusa hannu cikin wutar ta fizgi tsoka ta ruga da ita a cikin zani. Kawu ya gan ta. Ya juya mata baya.

Washegari ya fito da ɗaya daga cikin shanun huɗarsa, su ne kawai suka rage masa, ya yanka a ƙofar gida ya raba gida-gida. Inna ta leƙo daga zaure ta ce, "In ruwa ya sauko, kai za a ɗaura wa garma?"

Ya ce, "Ni."

Ɗan kuwa, Kawu ya karɓe masa wuƙa ya hana shi fawa a garin. Da ya warke ya kwashi iyalinsa ya tafi Kano. Inna ta ce da Kawu a gabana, "Ka kashe wa ɗana kunne saboda mataccen nama." Ban taɓa jin Kawu ya ce ya yi nadama ba. Abin da na sani shi ne duk lokacin da na dawo daga kai fata sai ya ja ni gefe ya ce, "Ka gan shi? Ya rame?" In na ba shi amsa sai ya ce, "Kada ka ce na tambaya." Ni dai har yau ina ganin dukan ya wuce kima. Hana shi fawa ya isa. Amma daga ranar ba a sake ɗora mushe a teburin garinmu ba, alhali a wasu kasuwanni mun ji an yi ta kwasar mutane da ciwon ciki.

Abin da ya fi wannan muni yana tafe.

Yunwa ta kawo sata, satar kuma ta tashi daga kaza da akuya ta koma garke. Kawu yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ma mahauci, muna kiransa Kawu Ƙarami. Yana da 'yan shanu a bayan gari, ɗansa ango ne yake kwana a wurinsu. Wata safiya aka je aka tarar babu shanu, ga yaron kwance kusa da turke an sassare shi a wuya da kafaɗa, sandarsa na hannunsa. Ina cikin waɗanda suka ɗauko shi a kan asabari. Kawu da kansa ya yi masa wanka, don uban ya kasa shiga.

Ba a daɗe ba, wata ranar kasuwa da rana tsaka, wani makiyayi siriri wanda ba wanda ya sani ya shigo kara yana jan wata jar saniya mai karyayyen ƙaho. Wani ya dube ta ya ce, "Wannan ai saniyar gidan su mamaci ce." Maganar ta bi kasuwa kamar wuta a kara. Kafin mutumin ya buɗe baki an sauke masa sanda a ka. Ya faɗi, ya tashi zai gudu, aka taɗe shi. Duwatsu, sanduna, ƙotar fartanya, har da taɓarya. Mutanen da na sani masu sallah a sahun gaba suna tattaka shi. Ina jin ƙarar ƙashi. Sai ga mahauta sun baro tebura a guje, wuƙaƙe tsirara a hannu.

Kawu ya biyo su. Na ga dorinarsa na tashi tana sauka a kan yaransa, hagu da dama, yana buɗa hanya da kafaɗa. Da ya isa tsakiya bai tsaya yin magana ba, ya kwanta a kan mutumin ya rufe shi da jikinsa. Duwatsun da aka riga aka sako suka sauka a bayansa. Sannan aka ja da baya.

Mutum ɗaya ne bai ja ba. Kawu Ƙarami yana tsaye a kansu da adda.

Ya ce, "Yaya, tashi."

"Ba zan tashi ba."

"Ɗana aka yanka kamar rago. Kai ka wanke shi, ka ga abin da aka yi masa."

"Ni na wanke shi. Ba zan wanke wani yau ba."

"Ɓarawo ne. Ga saniyata can."

Kawu ya ce, "Ban ce ba ɓarawo ba ne. Akwai mai gari, akwai alƙali. A kasuwar nan dabba ake yankawa."

Makiyayin ya motsa yana neman numfashi, kansa ya fito ta ƙarƙashin hammatar Kawu. Kawu Ƙarami ya ɗaga addar ya kawo sara da ƙarfinsa duka. Kawu ya tare da hannun dama.

Addar ta shiga tafin hannun ta fita da yatsu uku na tsakiya. Na ga sun faɗi a ƙasa. Jini ya yi tsartuwa ya wanke fuskar makiyayin da gaban rigar mai saran.

Kawu ya riƙe wuyan hannun da hagu, ya ɗaga kai ya dubi ƙanensa ya ce, "To, ka zubar da jini. Ya ishe ka?"

Kawu Ƙarami ya saki addar ya juya ya tafi. Ba wanda ya tare shi.

Muka warware rawanin Kawu muka ɗaure hannun, aka samo motar da ta kawo kaya. Ya ce ba zai shiga ba sai an fara sa makiyayin. Haka muka tafi Ɗanbatta, su biyun kwance a bayan mota a kan buhuna, jininsu na haɗuwa. Mutumin ya rasa ido ɗaya, an karya masa muƙamuƙi da haƙarƙari, amma ya rayu. Da 'yan sanda suka tambayi Kawu wa ya sare shi sai ya ce, "Ni mahauci ne. Yankan ƙarfe ba baƙona ba ne." Suka yi suka yi, bai faɗa ba. Mutumin da ya fasa wa ɗansa kunne saboda doka, a nan ya rufe wa ƙanensa asiri. Na taɓa yi masa maganar, ya ce, "Wancan jama'a ya cuta. Wannan ni ya sara, ni ke da hakkin."

Makiyayin ya ce da alƙali sayen saniyar ya yi a wata kasuwa mai nisa wurin wanda bai sani ba. Ba shi da shaida. Aka ɗaure shi na wani lokaci, aka mayar wa Kawu Ƙarami saniyarsa. Ko yana cikin waɗanda suka kashe yaron, ko ba ya ciki, ni ban sani ba, Kawu ma bai sani ba har ya mutu. Ba mu ƙara ganin mutumin ba.

Da Kawu ya dawo gida, abin da ya fara yi shi ne tara duk mahaucin da ya zare wuƙa a ranar. Ya sa suka zube wuƙaƙensu a gabansa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da dorina a hannun hagu, har da masu furfura. Ba wanda ya ɗaga kai. Bayan haka ya naɗe rawaninsa ya kai wa mai gari. A al'adar kwatarmu Sarki ne ke yankan fari kowace ranar kasuwa, shi kuwa babban yatsa da ƙarami kawai suka rage masa, su ma a sandare. Ya ce wanda ba ya iya yanka ba ya shugabantar masu yanka. Mai gari ya ture rawanin ya ce, "Ɗauki kayanka, Sarki. Hannun da ka rasa shi ya sa ba zan karɓa ba."

Ranar kasuwar da ta biyo baya aka kayar da saniya, kowa ya tsaya yana jira. Kawu ya zaro wuƙa da hagu ya durƙusa. Hannun bai saba da yanka ba. Ya san in ya yanka haka zai wahalar da dabbar, dokarsa kuma ta hana. Yana nan durƙushe sai Kawu Ƙarami ya fito daga cikin mutane. Bai yi gaisuwa ba. Ya zare wuƙar daga hannun wansa, ya yi bisimilla ya yanka, ya goge ta a jikin saniyar, ya mayar da ita kube a ƙugun Kawu, ya koma teburinsa.

Haka suka ci gaba kowace kasuwa. Ruwa ya dawo, gero ya yi, yaran da aka haifa cikin yunwar suka yi aure suka haihu, su suna nan a haka. Kawu zai tsaya, ƙanensa zai yanka, ba mai ce wa wani uffan. In sun haɗu a hanya sallama ce kawai da amsa, don kada su shiga fushin Allah. Ba sa cin abinci a kwano ɗaya, ba sa zama a tabarma ɗaya ko a ɗaurin aure. Mahaifiyata ta yi kuka ta yi roƙo a tsakaninsu. Kawu Ƙarami ya ce mata, "Yaya ya zaɓi baƙo a kan jinin ɗana, wannan ba zai fita daga raina ba. Hannunsa kuwa ni na cire, ni zan zame masa hannu. Kada ki haɗa min biyun." Sai da tsufa ya kayar da su duka biyu sannan aka miƙa wa yara yankan.

Da aka sallaci Kawu muka ɗauke shi zuwa maƙabarta. Kawu Ƙarami ya biyo mu a baya da sanda, gwiwoyinsa sun kumbura, sai an jira shi. Da aka zo sakawa ya ce a matsa masa. Muka ce ya bari, akwai yara. Bai saurare mu ba. Ya ajiye sandar ya durƙusa da ƙyar ta wajen kai, aka miƙo masa.

Mamaci a kan damansa ake kwantar da shi, ya fuskanci gabas. Muna sauke shi sai tsohon ya ce, "Ku dakata. Za ku danne masa hannun."

Ya zura nasa hannun ƙarƙashin likkafani ya daɗe yana gyarawa. Da ya gama bai cire ba nan da nan. Ya sunkuya kusa da kunnen wansa, ni da nake gefensa na ji abin da ya ce.

"Yaya, ka je. Ni na yafe. Kai ma ka yafe min."

Muka ɗaga tsohon, aka jera itace, aka fara zuba ƙasa.

Allah ka gafarta wa Kawu zafin hannunsa, ka karɓi abin da ya tare da shi, ka yalwata masa makwanci. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani.